Tambayoyi da amsoshi kan ciwon ido, awon ido da magani, ga mutanen Zariya da kewaye

Tambayoyin da ke ƙasa ba ƙirƙirar su na yi ba. Su ne waɗanda nake ji kullum a ɗakin duba ido, daga bakin dattawan cikin birni, matan Tudun Wada da Gyallesu, ɗaliban Samaru da Kongo, da manoman da ke sammako daga Giwa da Soba. Wasu amsoshin sun yi tsawo saboda a nan ne mutane ke rasa idanunsu. Wannan rubutu ba zai maye gurbin ganin likita ba, fatana dai ya sa mutum ya je da wuri.

Idona lafiya lau, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Me zai kai ni awo?

Saboda cututtukan da suka fi makantar da mu ba sa sallama. Ciwon da ke zuwa da zafi da ja da kwantsa yana koro mutum asibiti da kansa. Wanda ke cin gani a hankali, shi ne ake yi wa sakaci.

Tsakanin 2005 da 2007 an gudanar da babban binciken makanta a faɗin Nijeriya, kan mutane masu shekara 40 zuwa sama. An samu kimanin mutum 4 cikin kowane 100 makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makantar abu ne da za a iya kaucewa ko a magance. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43, hawan jinin ido na bi mata da kusan kashi 17. Ke nan yawancin waɗanda muke gani ana ja musu sanda, da an kai su inda ya dace a lokacin da ya dace, da suna tafiya da ƙafarsu.

Shawarata ita ce, duk wanda ya kai 40 ya auna ido aƙalla sau ɗaya a shekara biyu. Mai ciwon suga, da wanda aka taɓa samun hawan jinin ido a gidansu, duk shekara. Yaro kuwa a duba shi kafin a sa shi makaranta.

Mene ne bambancin yanar ido da hawan jinin ido? Ba duk makanta ba ce?

Idan tambaya ɗaya kawai za ka karanta a nan, to wannan ce.

A cikin ido, bayan ɗan baƙin nan na tsakiya, akwai wani abu garau kamar gilashi, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Shi ke tattara haske. Idan shekaru suka ja sai ya fara dusashewa, kamar gilashin fitilar ƙwai da hayaƙi ya turnuƙe. Wannan ita ce yana. Mai ita zai ce maka yana ganin hazo ko da damina, fitilar mota na kashe masa ido da dare, fuskar mutum ba ta fita sai ya matso. Idan ta yi nisa, kai ma za ka ga fari a tsakiyar idon. Ba fata ba ce ta rufe ido daga waje, kuma babu wani maganin ɗigawa ko na sha da ke narkar da ita. Amma makantar yana tana warkewa. Mutum zai yi shekara uku ba ya gani, a yi masa aiki yau, gobe a buɗe bandeji ya gane jikokinsa.

Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, labarinsa daban ne. Ido yana samar da wani ruwa a cikinsa, yana kuma da magudanar da ruwan ke fita. Idan magudanar ta cushe, sai matsi ya hau, ya riƙa danne jijiyar da ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar na mutuwa kaɗan-kaɗan, abin da ya mutu kuma ba ya dawowa, ko da aiki ko da magani, a nan ko a ƙasar waje. Gani na fara tafiya ne daga gefe. Mutum yana karanta Alƙur'aninsa, yana ƙirga kuɗinsa, bai san komai ba, sai dai ya riƙa karo da ƙyaure, ko babur ya fito masa ta gefe bai gan shi ba. Idon a waje fes yake, ba ja ba fari.

Wancan binciken ya nuna mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama na ɗauke da shi, fiye da 9 cikin 10 kuma ba su sani ba. Cutar ta fi yawa a jikin baƙar fata, tana kuma kama mu da ƙuruciya fiye da Turawa. Tana bin jini. Idan an same ta a wurin mahaifinka ko yayarka, kai ma ka je.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne dattijon da zai zauna a gida yana cewa ai yana ce, bari ta nuna sannan a je, alhali hawan jinin ido ne ke cin sa. Ranar da za a kawo shi, a haska fitila bai ma san an haska ba. 'Ya'yansa su ce: “Ko nawa ne a yi aikin, za mu biya.” Babu maganar da ta fi nauyi a baki irin amsar da za a ba su.

To hawan jinin ido yana da alaƙa da hawan jinin da aka sani?

Sunan ne ke rikita mutane. Ba jini ba ne ke hawa, ruwan cikin ido ne. Mutum zai iya samun jininsa daidai amma matsin idonsa ya hau, don haka awon da ake yi a dantse ba ya nuna matsin ido. Matsin ido na lafiya yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21 a ma'auninsa. Akwai ma waɗanda cutar ke ci alhali matsin bai wuce haka ba, shi ya sa likita ba ya tsayawa kan lamba, sai ya leƙa jijiyar da idonsa.

An ce ina da shi, an rubuta mini maganin ɗigawa. Yaushe zan daina?

Ba a dainawa, sai likita ya canza maka hanya. Maganin, irin su timolol da latanoprost, ba ya ƙara gani. Aikinsa tsare abin da ya rage. A nan mutane da yawa ke karaya: mutum ya ɗiga kwalba biyu, ya ga ganinsa na nan yadda yake, ya ce maganin ba ya aiki, ya ajiye. Ai tsayawar ganin a inda yake ita ce aikin.

Na san kuɗin maganin na da nauyi, wata bayan wata. Idan ka ga ba za ka jure ba, faɗa wa likita gaskiya tun farko, kada kunya ta hana ka. Akwai aikin da ake buɗe wa ruwan sabuwar magudana, akwai kuma na hasken leza a inda ake da na'urar. Ga mutumin karkara da ba zai iya sayen magani duk wata ba, sau da yawa aikin ya fi masa alheri, muddin ya fahimci cewa ba don ganin da ya tafi ya dawo ake yi ba. Mai asma ko ciwon zuciya ya sanar tun kafin a rubuta masa timolol, domin yana iya tayar da numfashi.

Yadda ake ɗigawa: wanke hannu, ja fatar ƙasan ido, ɗiga ɗigo ɗaya tak, rufe ido, sa yatsa ka danne kusurwar idon ta wajen hanci na minti biyu. Ɗigo biyu ɓarna ce, idon ba ya ɗaukar fiye da ɗaya. Idan magani iri biyu ne, a bar tazarar minti biyar tsakani.

Da azumi fa?

Hukuncin na malamai ne, a tambaye su. Abin da zan ce ta ɓangaren lafiya: maganin da ake ɗigawa sau ɗaya ko sau biyu a rana ana iya daidaita shi da sahur da bayan buɗa-baki. Danne kusurwar ido kuma na rage gangarowar maganin zuwa maƙogwaro. Kada dai a ajiye kwalbar har tsawon wata guda, cutar ba ta tsayawa ta jira Sallah.

Yaya aikin yana yake? An ce ciro idon ake yi a wanke a mayar.

Ba a taɓa ciro ido a mayar ba, abin ma ba ya yiwuwa. Idon na nan a gurbinsa. Ana kashe zafin wurin da allura ko ɗigo, mutum idonsa biyu yana jin maganar likita. A yi 'yar ƙaramar ƙofa, a fitar da gilashin da ya dusashe, a saka na roba garau a madadinsa, wanda zai zauna har ƙarshen rayuwa. Tun 1949 wani likita a Landan, Harold Ridley, ya fara dasa irin wannan gilashi. Aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa 30. Washegari a cire bandeji.

Maganar cewa sai yanar ta nuna kafin a yi aiki tsohon zance ne. Da zarar ta hana mutum sana'arsa, ko karatu, ko zuwa masallaci shi kaɗai, lokaci ya yi. Barin ta ta daɗe ma na iya tayar da matsin ido da ciwo mai tsanani.

Bayan aiki, makonnin farko su ne abin lura: a ɗiga magani yadda aka tsara, kada a murza ido, kada ruwan wanka ko na alwala ya shiga, a nisanci hayaƙin murhu, sussuka, shara da ɗaukar kaya mai nauyi. A tambayi likita ranar da za a koma yin sujada yadda aka saba. Idan idon ya fara ciwo, ya yi ja, gani ya ragu bayan ya fara kyau, a koma a ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.

Akwai wata Inna da jikarta ta jawo wa hannu zuwa wurinmu, shekara biyu ba ta fita tsakar gida ita kaɗai. Da safe da na ɗaye bandejin, ta yi shiru tana ƙifta ido, sai ta kama gefen zanen jikar ta ce: “Ke Ladidi, wannan ba atamfata ba ce?” Ɗakin duka aka ɗauki kabbara.

Masu aikin yana na gargajiya fa? Maƙwabcinmu an yi masa a gida kuma ya gani.

Ina roƙon ku da girman Allah, kada ku kai iyayenku. Abin da suke yi shi ne soka tsinke ko allura a ido su ture gilashin da ya dusashe ya faɗa can cikin ido. Haske zai shigo nan take, mutum ya ga giccin mutane, a yi murna, mai aikin ya karɓi kuɗinsa ko akuyarsa ya bar gari. Amma idon ya rasa gilashinsa, ba a kuma saka wani ba, don haka gani ba zai fita ba sai da tabarau mai kaurin gaske. Gilashin da aka tura ciki kuma yakan tayar da kumburi da matsi, ga ƙwayoyin cuta da tsinken ya shigar. A wancan binciken na ƙasa, cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 wannan hanyar aka bi, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka soke ɗin makafi aka same su. Idon da asibiti zai gyara cikin rabin awa, bayan an soke shi sau da yawa ba abin da za mu iya.

Me ake yi wa mutum a wurin awo? Da zafi?

Babu zafi. Za a fara da tambayoyi: ciwon suga, hawan jini, magungunan da kake sha, ko akwai makaho a dangi. Sai a tsayar da kai mita 6 daga allo, a rufe ido ɗaya a gwada ɗaya. Wanda bai yi boko ba kada ya damu, akwai allo mai alama kamar cokali mai yatsu, da hannu kawai za ka nuna inda ƙafafun suka fuskanta. Daga nan a sa haɓarka a kan wata na'ura mai fitila a duba gaban idon, a auna matsi, a leƙa jijiya. Idan da buƙata a gwada gilasai har a samu wanda ya dace.

Wani lokaci ana ɗiga maganin da ke buɗe baƙin ido don a ga can ciki. Yana sa gani ya dusashe, rana ta riƙa kashe ido, na kamar awa 4 zuwa 6. Saboda haka kada ka zo a kan babur ɗinka ko ka tuƙo mota, ka zo da ɗan rakiya. Ka taho da tsohon tabarau, da duk kwalaben da ka taɓa ɗigawa, har na gargajiya. Ba don a yi maka faɗa ba, don a san abin da ya shiga idon.

Gaskiya ne tabarau na ƙara kashe ido?

Ba gaskiya ba ne. Abin da ke faruwa, mutum ya saba da gani garau, idan ya cire sai ya lura da dusashewar da dā ya saba da ita.

Daga shekara 40 kusan kowa ganinsa na kusa ke raguwa. Ba cuta ba ce, shekaru ne. A gari irin Zariya, inda gidaje da yawa cikin birni da allura suke ci, ɗinkin hula da aikin babbar riga, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani maɗinki ya zo mini da hular da ya fara a aljihu, ya ce ya bar wa yara sana'ar, don sai ya kira ɗansa ya zura masa zare, aska takwas kuwa ya daina karɓa. Muka ɗora masa gilashin karatu. Ya ciro allura daga jikin hular, ya lashi bakin zaren, ya zura sau ɗaya. Bai ce komai ba, ya sake zarewa ya sake zurawa. Haka abin yake ga malamin allo, mai gyaran waya a PZ, da uwar gida mai tsince shinkafa.

Tabaran karatu na kasuwa ba ya cutar da ido. Illarsa ɗaya: wanda ya saya a tire ya samu biyan buƙata, ba zai je awo ba, alhali shekarun da ganin kusa ke raguwa su ne shekarun da hawan jinin ido ke shigowa. Je a auna ka tukuna.

Yaro kuwa da ke matsawa gaban allo, ko yana ƙanƙance ido, ko yana manna littafi a fuska, a kai shi. Yara da yawa an yi musu tambarin daƙiƙanci alhali allon ne ba sa gani.

Apolo ta shigo gidanmu. Me za mu ɗiga?

Sunan ya samo asali ne a 1969, lokacin da annobar ta ɓarke a Gana daidai da saukar kumbon Apollo 11 a duniyar wata. Yawanci ƙwayar bairos ce, kuma tana warkewa da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba ta kallo ake ɗauka ba, ta hannu ce, da tawul, da matashin kai, da mazirarin kwalli. A yawaita wanke hannu da sabulu, kowa ya riƙe tsummansa, a goge kwantsa da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce.

Apolo da wuya ta makantar. Abin da ake zuba mata ne ke makantarwa: ruwan batir, fitsari, ruwan suga, ruwan albasa, kananzir, nonon mace, ruwan ganye. Fitsarin mai ciwon sanyi na iya huda baƙin ido cikin kwana biyu. Wasu hakiyoyin da muke gani a idon manya, daga nan suka faro.

A garzaya asibiti idan gani ya ragu, ko ciwon ya yi tsanani, ko mutum ya kasa kallon haske, ko ruwa mai kauri kamar mugunya na zuba, ko ido ɗaya ne kawai ya yi ja ya ƙi sauka.

Ɗana kullum cikin susar ido yake, farin idon har ya koma ruwan ƙasa.

Wannan borin jini ne na ido, ƙura da iska da zafi ke tayar da shi, ya fi kama yara maza, kuma yakan lafa idan sun balaga. Wanke fuska da ruwan sanyi na rage shi, akwai kuma magungunan da suka dace da shi.

Hatsarin na wurin kemis. Akwai magungunan ɗigawa masu ɗauke da sinadarin siteroid, irin su dexamethasone da betamethasone. Ɗigo ɗaya, ƙaiƙayi ya tsaya, ido ya yi fari. Uwa ta ji daɗi, kwalba ta ƙare ta sake saye, shekara ta zagayo. Irin wannan magani idan aka daɗe a kansa yana haifar da hawan jinin ido da yana, ko a jikin ɗan shekara goma. Idan kuma akwai gyambo a baƙin ido, ƙara rura shi yake yi. Likita na rubuta shi, amma na 'yan kwanaki, yana kuma auna matsi. Duba jikin kwalbar da ke gidanka yau.

Kwalli na gyara ido?

Ado ne, ba magani ba. Kwallin dutse da yawa na ɗauke da dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, don haka a daina ranbaɗa wa jarirai. Manya kuma kowa da mazirarinsa.

Ina da ciwon suga amma ina gani sosai.

Suga na lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke shimfiɗe a bangon ido na ciki. Su riƙa yoyo, su toshe, sababbi marasa ƙwari su tsiro su fashe. Duk wannan na iya tafiya shekaru gani bai taɓu ba. Wanda aka gano masa suga yana babba, a duba cikin idonsa tun lokacin, sannan duk shekara, da maganin buɗe ido. Idan an kama da wuri akwai leza, akwai allurar da ake yi a cikin ido, suna tsare gani. Tushen maganin dai shi ne riƙe suga da hawan jini. Mai juna biyu da ke da suga ta faɗa tun awon farko. Kada kuma a yanka tabarau lokacin da suga ya hau, lambar za ta canza idan ya sauka.

Masu sikila ma su riƙa kai idonsu, musamman masu rukunin SC, waɗanda jikinsu bai cika ciwo ba amma idonsu ya fi shiga hatsari.

Waɗanne alamu ne a jikin yaro ba a kwana da su?

Jaririn da bai kai wata ɗaya ba, idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya: a ranar za a kai shi, a kuma yi wa uwa da uba magani. Ba nono za a matsa masa ba.

Fari a tsakiyar baƙin idon yaro, ko ƙyalli kamar idon kyanwa da dare ko a hoton waya: yana iya zama yanar da aka haife shi da ita, yana iya zama sankarar ido. Ta farko idan aka makara idon ba zai koyi gani ba. Ta biyu rai take ɗauka, amma ana warkewa idan an zo da wuri.

Harara-garke ba a barin sa a ce zai miƙe. Ƙwaƙwalwa na yin watsi da idon da ya karkace, gyaran kuma ya fi yiwuwa kafin shekara 7 zuwa 8, da tabarau, da rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi, wani lokaci da aiki.

Dundumi a yaro, wato ya kasa gani da magariba, alamar ƙarancin bitamin A ce. Idan ƙyanda ta haɗu da wannan ƙarancin, baƙin ido na iya narkewa. Rigakafin ƙyanda a wata 9, da ɗigon bitamin A da ake ba yara a baki duk wata shida har su kai shekara biyar, sun rage wannan makantar ƙwarai. Yaron da ke ƙyanda ya rufe ido ya ƙi buɗewa, a kai shi a buɗe a gani. A abinci kuma ga zogale, alayyafo, karas, manja, mangwaro, gwanda, ƙwai da hanta.

Kakata gashin idonta ya juya ciki, kullum da matsefata take tsigewa.

Wannan ƙarshen amosanin ido ne, cutar da ƙuda da hannu ke yaɗawa tun yarinta a inda ruwa ya yi ƙaranci. Tabon da ta bari ne ke janyo fatar ido ciki, gashin ya riƙa gogar baƙin ido har ya yi hakiya. Tsigewa ba ta magani, wanda zai tsiro ya fi kaifi. Ƙaramin aiki ne ake yi a fatar, a juyo da ita waje. Yaran gidan kuma a riƙa wanke musu fuska.

Idan abu ya faɗa ido ko aka ji rauni fa?

Idan ruwan batir ne, ko siminti, ko farar ƙasa, ko maganin feshi na gona: kada a tsaya neman abin hawa. A buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, ko na leda ne, minti 20 zuwa 30, sannan a tafi asibiti. Waɗannan mintunan ne ke raba mai gani da makaho.

Idan tsinke ne, ko ƙarfe, ko dutsen danƙo: kada a murza, kada a ciro, kada a ɗiga komai. A kifa gindin kofin roba a kan idon a manne, a tafi. Manomin da ganyen dawa ko karan masara ya karce wa ido lokacin girbi kada ya raina, irin wannan karcewar ce ke zama gyambo cikin kwanaki. Masu walda da ke aiki ba gilashi sun san zafin da ke tashinsu da tsakar dare kamar an zuba yashi, hasken ne ya ƙona fatar baƙin ido. Masu babur ma gilashi na tsare su daga ƙurar hunturu da ƙwari, yana kuma rage tsiron naman nan da ke tasowa a farin ido ta wajen hanci.

Gani ya ɗauke farat ɗaya, ko walƙiya da baƙaƙen ɗigo masu yawa, ko wani abu kamar labule ya sauko ta gefe: shi ma na ranar ne.

Kallon waya na makantarwa?

A'a, amma yana gajiyar da ido ya busar da shi, don mai kallon waya ba ya ƙiftawa sosai. Duk minti 20 a ɗaga kai a kalli nesa na ɗan lokaci. Yara a bar su su yi wasa a waje, hasken rana na rage musu kamuwa da rashin ganin nesa.

A ina za a duba ni a Zariya, kuma wa zan gani?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na da sashen ido, da likitocin da ke aikin yana da na hawan jinin ido. Wanda ke cikin birni zai iya farawa daga Asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin da ya fi kusa da shi, a ba shi takardar turawa idan abin ya fi ƙarfinsu. A Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, wadda ido kaɗai ta sa gaba. A Kano kuma ga Asibitin Ido na ECWA, wanda kakanninmu ma sun san shi.

Ma'aikatan ba ɗaya ba ne. Akwai likitan ido mai yin tiyata, akwai masanin awon gani da ke gwada tabarau ya kuma gano cuta ya tura, akwai nas ɗin ido, akwai mai yanka gilashi. Mai yanka gilashi ba ya rubuta magani.

Kuɗi na canzawa, don haka a tambaya a wurin. Mai katin inshorar lafiya ya tafi da shi. A kuma kasa kunne ga sanarwar aikin yana kyauta da ake yi lokaci-lokaci, musamman wajen Ranar Gani ta Duniya, Alhamis ta biyu a watan Oktoba, da makon hawan jinin ido a watan Maris. Kafin a kai tsoho irin wannan taro, a tambayi wane asibiti ne ke bayansa, da inda za a koma a duba idon bayan masu aikin sun tafi. Ranar zuwa asibiti a yi sammako, a karya kumallo, mai suga ya taho da maganinsa da ɗan abin da zai ci, don layin kati kan kai azahar.